Matsakaicin awo ya kai 96, amma rami ɗaya ya ba da 92: in karɓi daɓen ko in mayar?

Mamman Sani, Damagaram

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da injiniyoyin da ke wannan zaure. Ni ma'aikacin awo ne a ɓangaren masu sa ido, a wani aikin hanya da ake yi a kudancin Damagaram, kuma wannan shi ne shantiye na biyu da na yi aiki a cikinsa tun da na gama karatu. Ina neman shawararku a kan wata gardama da ta tashi tsakanina da shugaban ma'aikatan ɗan kwangila.

An shimfiɗa burji a yanki mai tsawon mita 500, an zuba ruwa, motar daɓe ta bi ta kai, sannan aka kira mu mu auna. Takardar sharuɗɗan aikin ta ce dole daɓen ya kai kashi 95 cikin 100 na abin da gwajin Proctor, wato gwajin da ke nuna iyakar yadda ƙasa za ta iya matsewa, ya bayar a ɗakin gwaji. Mun haƙa ramuka 5, muka auna da yashi kamar yadda aka saba, wato a cika ramin da yashi domin a san girmansa, a kwatanta da nauyin ƙasar da aka fitar, muka samu 97, 96, 98, 92 da 97. Mutumin ɗan kwangila ya haɗa su ya raba gida biyar, ya samu 96, ya ce aiki ya wuce abin da ake nema, in sa hannu su zuba shimfiɗa ta gaba. Ni kuwa wannan 92 ya tsaya mini a rai. Ya ce mini rami ɗaya ba ya ɓata mita 500, kuma wataƙila ma yaron da ya haƙa ramin ne ya yi kuskure.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, yankin da ke gabansa ya ba da 96, 96, 95, 97 da 96, wanda shi ma matsakaicinsa 96 ne daidai. Zuciyata tana gaya mini waɗannan yankuna biyu ba ɗaya ba ne, amma ba ni da hujjar lissafi da zan ajiye a kan tebur. Shin akwai hanyar ƙididdiga da za ta nuna bambancin, wadda ma'aikaci zai iya yi da ƙaramar na'urar lissafi a tsakiyar daji? Kuma ramuka 5 sun isa a yanke hukunci a kan mita 500?

Injiniya Abdu Mai Ritaya, Zangon Damagaram

Wa alaikumus salam, Mamman Sani. Zuciyarka ta gaya maka gaskiya, kuma akwai lissafin da zai tsaya mata.

Matsakaici yana faɗin inda tsakiyar aikin take ne kawai, ba ya faɗin yadda aikin ya warwatsu a hagu da dama na wannan tsakiyar. Hanya kuwa ba a tsakiyar lissafi take lalacewa ba, a wurin da ya fi rauni take fara buɗewa, ruwan Agusta ya shiga, tayoyin manyan motoci su ƙarasa sauran. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka awo na biyu da kake bukata shi ne ma'aunin warwatsuwa, wanda muke kira ekartif a makaranta.

Ga yadda za ka yi da alƙalumanka. Ka cire 96 daga kowane awo na yankin farko, za ka samu 1, 0, 2, 4 a ƙasa, da 1. Ka ninka kowanne da kansa, su zama 1, 0, 4, 16 da 1, jimla 22. Ka raba 22 da 4, wato yawan ramuka a cire ɗaya, ka samu 5.5, sannan ka ɗauki tushensa, wato adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da 5.5, wanda ya kusa 2.35. Idan ka bi wannan hanya a yanki na biyu, jimlar za ta zama 2 kacal, ka raba da 4 ka samu 0.5, tushensa 0.71. Ka ga kenan yankin farko ya ninka na biyu warwatsuwa fiye da sau uku, alhali matsakaicinsu ɗaya ne.

Mataki na gaba shi ne ka tambayi lissafin: tazarar da ke tsakanin matsakaici da iyakar da aka gindaya, ma'aunin warwatsuwa nawa ce? Tazarar 1 ce, daga 95 zuwa 96. A yankin farko 1 a raba da 2.35 ya ba da 0.43, a na biyu 1 a raba da 0.71 ya ba da 1.41. Hukumomin hanyoyi da yawa a Amurka suna karɓar aiki da wannan adadi, suna da jadawalin da ke juya shi zuwa kason aikin da ake kyautata zaton yana cikin iyaka. Ga ramuka 5, adadin 0.43 yana nufin kusan kashi 65 cikin 100 na yankin ne ya kai 95, wato kusan sulusin shimfiɗar yana ƙasa da abin da ake so. Adadin 1.41 kuwa yana nufin kusan kashi 94 cikin 100 ya kai. Idan ana son kashi 90 cikin 100 na yanki ya cika sharaɗi da ramuka 5, adadin da ake nema shi ne 1.23.

Akwai wani abu a nan da nake so ka nuna wa ɗan kwangila, domin ribarsa ce. Wanda aikinsa ke warwatse da 2.35, sai ya ɗaga matsakaicinsa zuwa kusan 98 kafin kashi 90 cikin 100 na shimfiɗarsa ya tsallake 95, kuma kowa ya san man da motar daɓe take sha kafin a tashi daga 96 zuwa 98. Wanda aikinsa ya daidaita da 0.71 kuwa, 96 ya ishe shi. Daidaita ruwa da kaurin shimfiɗa da yawan bin mota ya fi araha a kan ƙara daɓe ba tsari.

Game da yawan ramuka, 5 kaɗan ne, kuma shi kansa ma'aunin warwatsuwar da ka samu daga 5 ƙiyasi ne mai rawa. Kuskuren matsakaici yana raguwa ne daidai da tushen yawan awo, don haka in kana son ka rage shi da rabi sai ka ninka ramukan sau huɗu, daga 5 zuwa 20. Wannan matsala ta yanke hukunci da samfur kaɗan tsohuwa ce, ita ce ta sa William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, ya fitar da lissafinsa a 1908. Shawarata ita ce kada ka jefar da 92 don kawai ya saɓa wa 'yan'uwansa. Ba a cire awo daga lissafi sai an gano ainihin kuskuren da aka yi a wurin auna shi, an rubuta shi a takarda.

Malama Rakiya, ɗakin gwajin ƙasa

Baba Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan yi magana ne a kan abin da ke zuwa kafin lissafi, domin na shafe shekaru ina auna burji, kuma na ga cewa alƙaluman da aka tara ba bisa ƙa'ida ba, duk yadda aka ƙware a lissafa su, ba sa faɗin halin da hanya take ciki.

Malam Mamman, tambaya ta farko da zan yi maka: wa ya zaɓi wuraren da aka haƙa ramukan nan biyar? Idan shugaban ma'aikatan ɗan kwangila ne ya riƙa nuna muku da ƙafa, to tsakiyar hanya zai nuna, inda motar daɓe ta fi bi. Idan kai ne ka zaɓa da ido, to wurin da ya yi maka kama da mai rauni za ka nufa, kuma wannan ma zalunci ne ga ɗan kwangila. Duk lissafin da Baba ya kawo an gina shi ne a kan cewa kowane taku na yankin yana da damar faɗawa cikin awo daidai da kowane taku. Mai sayen gero a Kasuwar Dole ba ya yarda da abin da aka zuba a bakin buhu, yana zura hannu har ciki, kuma ba buhun da mai kaya ya miƙo masa kaɗai yake dubawa ba.

Yadda muke yi ba ya bukatar kwamfuta. A raba mita 500 gida biyar, mita 100 kowanne. A rubuta lambobi daga 0 zuwa 99 a ƙananan takardu, a zuba a hula, a ja ɗaya domin sanin mita nawa za a auna daga farkon kowane gida, sannan a ja wata ƙuri'ar domin sanin nisan ramin daga gefen hanya. A yi wannan a gaban wakilin ɗan kwangila, bayan an gama daɓe ba kafin nan ba, kowa ya sa hannu. Inda ƙuri'a ta faɗa nan ake haƙawa, ko da gefe ne, ko da kusa da kwalbati ne.

Abu na biyu shi ne adadin da kake rabawa da shi. Wannan kashi 95 ba nauyi ba ne da ke tsaye shi kaɗai, kwatanci ne da abin da gwajin Proctor ya bayar, gwajin da Ralph Proctor ya fito da shi a 1933, wanda a nau'insa mai ƙarfi ake daka ƙasa shimfiɗa biyar da guduma mai nauyin kilo 4.5 tana faɗowa daga kusan santimita 46. To burjinmu ba iri ɗaya ba ne ko a cikin kariya guda, wato ramin da ake haƙo shi. Saman kariyar daban, ƙasanta daban, wani gefen ya fi tsakuwa, wani ya fi yumɓu ko rairayi. Ɗauki misali: ramin da ka haƙa ya ba da tan 1.98 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Idan ka raba da 2.15, wato iyakar nauyin da Proctor ya bayar, za ka samu 92, idan kuwa burjin wannan wurin daga wani gefen kariyar ya fito, wanda iyakar nauyinsa 2.08 ne, to 95 za ka samu. Daɓen bai canja ba, ma'aunin ne ya canja. Saboda haka ka ɗebi ƙasa daga gefen ramin da ya ba da 92 ka kawo a sake yi mata Proctor nata. Abin yana iya juyawa ta ɗaya gefen ma, wato 98 ɗin da ake murna da shi ya zama bai kai haka ba.

Ka kuma duba yashin awonku. Dole ya zama busasshe, tankaɗaɗɗe, kuma a riƙa sake auna nauyinsa, domin yashin da aka kwashe daga rami aka mayar cikin buhu sau da yawa yana gauraya da garin burji, nauyinsa ya sauya, kowane awo ya karkace gefe ɗaya. Irin wannan kuskure ƙara yawan ramuka ba ya maganinsa.

Na ƙarshe, ka riƙa rubuta lokaci. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40, ga iska busasshiya, kuma kowa ya san wahalar ruwa a wannan yanki, tanka tana yin tafiya mai nisa kafin ta dawo. Burjin da aka jiƙa da hantsi, in motar daɓe ba ta iso kansa ba sai bayan azahar, ya riga ya bushe ƙasa da laimar da Proctor ya nuna, kuma ko sau nawa aka bi ta kansa ba zai matse yadda ake so ba. Idan ka haɗa aikin safe da na yamma a yanki ɗaya, ka gauraya abu biyu ne, warwatsuwar da za ka gani ba ta aiki ɗaya ba ce.

Alhaji Lawali, shugaban shantiye, Mirya

Ina gaida Injiniya Abdu da Malama Rakiya. Ni daga ɓangaren 'yan kwangila nake, kuma ban zo in kare aikin banza ba, amma akwai abin da ya kamata a faɗa domin adalci.

Ƙanena Mamman Sani, kafin ka kai wa kowa adadin 0.43, ka koma ka karanta takardar sharuɗɗanku kalma bayan kalma. Wasu takardun suna cewa kowane awo ya kai 95, wasu suna cewa matsakaici ya kai wani adadi kuma kada awo ɗaya ya sauka ƙasa da wani adadin, wasu kuma suna cewa kaso kaza na awon ya wuce iyaka. Abin da aka sa wa hannu shi ne alƙali. Idan ta ce kowane awo, to 92 ya faɗi, ba sai an yi dogon lissafi ba. Idan kuwa matsakaici ta ambata, ba za ka ƙi karɓar aiki da wata ƙa'idar da ba ta cikin yarjejeniya ba, sai dai ka rubuta wa shugabanka abin da ka gani, ka nemi ƙarin awo. Tun ran gini tun ran zane: wurin sa wannan lissafi shi ne lokacin rubuta sharuɗɗa, domin ɗan kwangila ya san da shi kafin ya faɗi farashinsa.

Kuma a sani cewa hukunci da ramuka kaɗan yana cutar ɓangare biyu. Yana iya sa a karɓi mummunan aiki, ƙasa ta yi asara, yana kuma iya sa a mayar da aiki mai kyau, a sa mu mu kankare mita 500 mu sake jiƙawa da ruwan da muka sha wahalar kawowa. Na taɓa ganin an mayar mana da yanki saboda awo ɗaya, daga baya aka gano sikelin ne ya karkace. Don haka ni ina goyon bayan ƙuri'ar da Malama ta faɗa da hannu biyu, domin tana cire zargi daga kan kowa.

Abin da ya fi amfanar da ni a aikina shi ne jadawalin bin sawu, wanda Walter Shewhart ya ƙirƙiro a 1924 domin masana'antu a Amurka. Muna manna babbar takarda a bangon ofishin shantiye, muna ɗiga matsakaicin kowace rana, da layi a tsakiya, da layi biyu sama da ƙasa masu nisan ma'aunin warwatsuwa uku na waɗannan matsakaitan. Ɗigon da ya fita layi yana nufin wani abu ya faru a ranar. Amma abin da na fi sa wa ido shi ne ɗigo bakwai ko takwas a jere a gefe ɗaya na layin tsakiya, ko da babu wanda ya faɗi ƙasa da 95, domin wannan yana gaya mini kariyar ta fara sauyawa, ko girgizar motar daɓe ta yi rauni, ko direban tanka ya fara rage ruwa. Ina gyarawa kafin masu sa ido su zo su mayar mini da aiki. Haka muke yi da kaurin shimfiɗa, da yawan kwaltar da ake fesawa a kowace mita.

Zan ƙara da abu ɗaya da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Idan hanya ta fashe, bakin kowa a kan ɗan kwangila yake, ba a tambayar nauyin da aka ɗora mata. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ɓarnar da gatarin mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, ke yi wa hanya tana ƙaruwa kusan da ninkin nauyinsa sau huɗu a kansa. Gatarin da ya kamata ya ɗauki tan 12, in aka ɗora masa 18, ɓarnarsa ta ninka sau biyar, in aka ninka nauyin biyu kuwa ta ninka sau 16. Ƙasashen UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, sun yi doka ta 14 a 2005 domin taƙaita wannan nauyi. Duk wanda ke ganin lodin da ke bin hanyar Maradi zuwa Damagaram, ko ta Tanut zuwa Agadas, ko tankokin da ke fitowa daga matatar mai ta SORAZ tun da aka buɗe ta a 2011, ya san cewa awon nauyin motoci shi ma ƙididdiga ce da hanya ke bukata kamar yadda take bukatar awon daɓe.

Mamman Sani, Damagaram

Na gode ƙwarai, Baba Injiniya, Malama Rakiya da Alhaji Lawali, Allah ya saka da alheri. Ga abin da ya biyo baya.

Na koma ga takardar sharuɗɗa kamar yadda Alhaji ya ce, na tarar ta ce daɓe ya kai 95 ne kawai, ba ta fayyace ko kowane awo ko matsakaici ba, kuma wannan shi ne tushen gardamar tun farko. Na kai wa shugabana lissafin yankunan biyu, ya yarda a ƙara awo. Mun sake auna nauyin yashinmu, muka tarar bai kauce ba. Proctor na ƙasar da aka ɗebo daga gefen ramin ya fito kusa da na farko, don haka 92 ɗin gaskiya ne.

Daga nan muka ja ƙuri'a a gaban wakilin ɗan kwangila, ramuka 10, biyu a kowace mita 100. Mun samu 97, 96, 93, 97, 98, 96, 94, 97, 96 da 96. Matsakaici ya sake fitowa 96, ma'aunin warwatsuwa kusan 1.5. Da na jera su a takarda tare da nisan kowane rami daga gefe, sai na ga 93 da 94 duk suna cikin mita ɗaya daga bakin hanya, kuma da na duba littafina, ramin 92 na farko shi ma a gefe yake. Sauran takwas babu wanda ya sauka ƙasa da 96. Direban motar daɓe ya ce yana tsoron matsawa bakin shimfiɗar ne saboda gangaren yana zubewa ƙarƙashin motar, domin ba a bar faɗin da ya wuce na hanyar ba lokacin zuba burjin.

An daidaita a kan a kankare gefen biyu kawai, a ƙara faɗi, a jiƙa, a sake daɓewa da safe, maimakon a tayar da yankin duka. Shugabana ya kuma rubuta wasiƙa domin ɓangarorin biyu su amince da ma'anar 95 a rubuce kafin a ci gaba.

Injiniya Abdu Mai Ritaya, Zangon Damagaram

Madalla, ɗana. Tunda ka gano gefe da tsakiya ba aiki ɗaya ba ne, ka gyara ƙuri'arka: ka riƙa ware aƙalla rami ɗaya cikin kowane uku ya faɗa cikin mitar gefe, tsawonsa kuma ƙuri'a ta zaɓa, ka riƙa lissafa na gefe daban da na tsakiya har sai ka ga sun haɗu. Ka ajiye duk awon da kuka yi tun farkon aikin a littafi ɗaya, da kwanan wata, da lokaci, da gefen kariyar da aka ɗebo burjin. Idan ka tara awo 30 ko fiye daga aikin da ya daidaita, ma'aunin warwatsuwar da za ka samu zai zama abin dogaro, kuma da shi za ka ja layukan jadawalin da Alhaji Lawali ya bayyana. Idan kun iso lokacin fesa kwalta, ka kawo mana nauyin farantan da ake auna yawan kwaltar da su, na kwana uku na farko, mu duba tare.